Koren Ɗigon Rijiyar Bawa

Akwai wani matashi a garin Isa mai suna Malami. Ya yi karatun kwamfuta a Sakkwato, ya dawo gida da takardarsa da jakar goyo da bakin magana. Allah ya ba shi kai, wannan ba mai musu. Aibinsa ɗaya ne: da ya buɗe baki ya ce "ban sani ba", gara ya wuni da yunwa.

Shekarun nan kuwa na fari ne. Damina ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba, wadda ta biyo bayanta ma ba ta fi ta ba. Gulbi ya koma yashi. Rijiyoyin da aka gada kaka da kakanni suka fara janyewa, yau a jefa guga a sami ruwa, jibi a jawo laka.

Mai dabba ya fi kowa shan wuya. Makiyayi zai kora shanu zuwa rijiyar da ya sani tun yana yaro, ya tarar ta ƙafe, ga shi dabbobin ba su da ƙarfin komawa.

Ganin haka, ƙungiyar manoma da makiyaya ta yankin ta nemi taimako, aka ba ta kwamfuta da sola da wayoyi. Shugabanta, Alhaji Wakili, ya tsara abin kamar haka: kowace babbar rijiya, daga Kamarawa har wajen Gangara, a sa mata mutum. Ya riƙa jefa igiya yana duba ruwa, ya ɗauki hoto, ya yi bayani da muryarsa, in ya hau tudu ya sami sabis ya turo ta imel. Duk mai son tashi da dabbobi sai ya zo ofis ya tambaya, ko ya duba a waya.

Kwamfutar da aka ajiye a ofis ita ake kira saba. Aikinta shi ne ta karɓi saƙon imel, ta adana hotuna da muryoyi, ta jera labarin kowace rijiya a rumbun bayanai, sannan ta nuna wa jama'a a shafin intanet. To amma kwamfuta ƙarfe ce kawai. Sai an zaɓa mata manhajar da za ta yi waɗannan ayyuka.

Mutum biyu aka ɗora wa zaɓin: Malami da Saude, 'yar kawunsa, wato taubashiyarsa. Makaranta ɗaya suka yi, aji ɗaya, kuma in za a faɗi gaskiya ba ya fin ta komai.

Ranar da dattawan ƙungiya suka zauna a ƙarƙashin rumfa, Saude ce ta fara magana.

Ta ce, "Baba Wakili, ni a ganina mu ɗauki ƙananan manhajoji na kyauta, waɗanda duniya ta daɗe tana aiki da su. Wagga ta riƙe imel, wagga ta riƙe rumbu, wagga ta aje hotuna, wagga ta nuna shafi. Ba su da kyan gani, amma in ɗaya ta lalace muna iya buɗe cikinta mu gyara, sauran na aikinsu. Kuma za ni sa ranar da anka aiko labari a ƙarƙashin kowace rijiya. In labarin ya tsufa, shafin ya ce ba mu sani ba."

Malami ya bushe da dariya har da dukan cinya.

"Jama'a ku ji mani taubashiya! Mutum ya baro ruga, ya sha rana, ya taho ofis, na'ura ta ce mashi ba ta sani ba? To mi amfaninta? Ke Saude, tahi ki dama muna hura, ki bar wa manya aikin manya."

Dattawa suka yi dariya, don wasan taubasai ne, ba a fushi da shi. Saude ma ta yi murmushi ta ce, "Baran gidanmu, ranar da ta kwaɓe maka kada in ji sallamarka."

Amma Malami ya san ba wasa ya yi ba. Ya fake da wasa ne ya ture ta a gaban mutane, ita ma ta gane.

Sai ya buɗe kwamfutarsa ya nuna musu tasa manhajar. Guda ɗaya ce tal, ta haɗe ayyukan duka. Ga taswirar yankin a shimfiɗe, kowace rijiya da ɗigonta. Kore, akwai ruwa. Ja, ta ƙafe. Kai, abin ya yi kyau, ba ƙarya. Dattijon da bai taɓa shiga aji ba ma yana kallo ya gane.

Alhaji Wakili ya gyara zama ya ce, "Wanga ko ni na iya karanta shi. Amma Malami, ba wata matsala a cikinta?"

"Ko ɗaya, Baba."

Ga inda gizon yake. Manhajar ta sayarwa ce, mai tsada, ƙungiya ba ta da halin sayenta. Wani abokinsa ne a Sakkwato ya ba shi kwafin sata wanda aka ɓalle wa makulli. Har ya gargaɗe shi cewa in ta gane ba ta da lasisi, tana iya rufe wani sashe nata ba sallama. Malami ya ji wannan da kunnensa, ya haɗiye bai gaya wa kowa ba.

Aka zaɓi tasa. Aka tura Saude ƙauyuka ta koya wa masu kula da rijiyoyi yadda ake turo saƙo. Shi kuwa ya zauna a ofis, ya riƙe kalmar sirrin saba shi kaɗai.

Da farko abin ya yi ta tafiya daidai. Makiyaya suka riƙa zuwa suna tambaya, suna tafiya suna samun ruwa, suna sa albarka. Sunan Malami ya ɓace a gari, sai Injiniya. Har tafiyarsa ta sake.

Wata safiya ya buɗe saba, sai ya ga wani ɗan rubutu a gefe. Sashen imel ya kulle, wai a kawo lasisi. Saƙonni suna shigowa suna taruwa a ciki, amma ba sa wucewa rumbu, shi ma ba ya iya buɗe su. Shafin kuwa yana nan ƙalau. Kowane ɗigo ya tsaya a launin da yake da shi jiya.

Ya taɓa nan, ya taɓa can, ya kashe ya kunna, a banza. Ya kira abokin nan nasa, abokin ya ce masa shi ma bai san kanta ba.

Ya tuna da Saude. Ya san in ta zauna a kan abin nan ba za ta tashi ba sai ta fito da saƙonnin. To amma da wane ido zai dube ta? Yarinyar da ya aika damun fura a gaban dattawa? Ya ce a ransa, bari dai zuwa gobe, wata dabara za ta zo.

Gobe ta zo ta wuce. Wata goben ma ta wuce. Kullum ya shigo ofis sai ya kalli koren ɗigogin nan, ya juya wa allon baya. A shekarar fari kuwa, rijiyar da ke da ruwa ranar Juma'a ba lalle ta kai wata Juma'ar ba.

Ana nan, ranar kasuwar Isa ta zagayo. Alhaji Wakili ya shigo ofis da baƙi daga Sakkwato, waɗanda suka ba da kayan, sun zo ganin yadda aiki ke tafiya. Malami yana cikin nuna musu taswira yana zuba bayani, sai aka yi sallama a bakin ƙofa.

Baffa Jibrilla ne, da sandarsa a kafaɗa.

Jibrilla Bafulatani ne, rugarsa tana bayan Kamarawa. Aminin marigayi mahaifin Malami ne tun suna samari. A hannunsa saniyar Inna Mairama take, mahaifiyar Malami, saniyar da ta gada daga mahaifinta. Fara ce mai baƙi kewaye da idanu, shi ya sa ake ce mata Mai Kwalli. Shekara da shekaru tana cikin garkensa, bai taɓa bambanta ta da nasa ba, kuma man shanu bai taɓa yankewa a gidan Inna ba.

Bayan gaisuwa, Jibrilla ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Ɗana, rijiyarmu ta kusa ƙarewa, dole mu tashi. Hanya biyu ce gabana. Ko in yi arewa, Rijiyar Bawa, wajen Gangara. Ko in yi kudu, fadamar da 'yan uwana sunka tahi, amma da nisa. Shanun ga tahiya ɗaya ta rage musu a ƙahwa. In na ɓata ta, shi ke nan. Duba mani abin naka."

Malami ya dubi allo. Ɗigon Rijiyar Bawa kore shar.

Ya san koren nan tsoho ne. Ya san bai ji ɗuriyar rijiyar nan ba tun ranar da sashen imel ya kulle. Baƙi suna kallonsa, Alhaji Wakili yana murmushin alfahari, ɗaya daga cikin baƙin har ya ɗaga waya zai ɗauki hoton yadda ake taimakon makiyayi.

"Akwai ruwa, Baffa. Ga shi nan kore."

Jibrilla ya leƙa allon ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Labarin na kwanan ga ne ko?"

Wallahi a nan ne Allah ya ba yaron nan ƙofar fita, a buɗe. Amma sai ya ce, "Na kwanan ga ne."

"Madalla. Allah shi yi maka albarka. Ka gaida Innarka, ka ce Mai Kwalli tana lahiya."

Ya tashi ya shige cikin kasuwa.

Malami ya ji kamar ya bi shi da gudu. Har ya ɗaga daga kujera, sai wani baƙo ya jefo masa tambaya a kan rumbun bayanai, ya koma ya zauna ya shiga amsawa. Da baƙi suka tafi ya fita ya zaga kasuwar shanu, ba Jibrilla ba alamarsa. Ya kira Abu, mai kula da Rijiyar Bawa, waya ba ta shiga. Ya yi ta lallashin kansa: watakila da ruwan, ai rijiya ce mai zurfi.

Da ya koma gida, Inna ta ajiye masa tuwo, ya kasa kai loma. Saƙon gaisuwar ma bai isar ba.

Washegari da hantsi ya tsinci kansa a ƙofar gidan kawunsa yana sallama. Saude ta fito, ta buɗe baki za ta fara tsokana, ta ga fuskarsa, ta fasa.

"Mi ya faru?"

Ya gaya mata komai, har kwafin satar. Ba ta ce masa ai na faɗa ba. Da ma ta faɗa, da ya fi masa sauƙi. Mayafinta kawai ta ɗauko ta ce, "Mu tahi."

Ta zauna a gaban saba, ta karɓi kalmar sirrin da ya hana ta, ta kafa wata 'yar ƙaramar manhajar imel ta kyauta, irin wadda ya yi wa dariya. Kafin azahar ta jawo saƙonnin da suka taru. Suka zubo da yawa. Ta nemo na Rijiyar Bawa ta kunna.

Muryar Abu ta fito, iska na kaɗawa a bayansa: "Salamu alaikum. Ruwa ya yi ƙasa ƙwarai, laka muke jawowa."

Ta kunna na bayansa: "Rijiya ta ƙahe. A gaya wa jama'a kada kowa ya taho."

Ta kunna na ƙarshe. A wannan Abu har roƙo yake: "Injiniya, don girman Allah, kuna ji na kuwa? Ɗan'uwana ya duba a waya ya ce har yanzu kore ne. Ku sake shi! Mutane za su halaka dabbobinsu."

Saude ta juyo a hankali. "Wa ka ce wa akwai ruwa?"

"Baffa Jibrilla."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tashi, Malami! Zaman mi kake yi?"

Ya ari babur, ya ɗaure jarkokin ruwa a baya, ya kama hanyar Kamarawa. Ya tarar da ruga wayam, sai turaku da busasshen kashin shanu. Maƙwabta suka ce ai tun jiya da la'asar suka tashi, don su yi tafiya da sanyi. Ya bi burtali har yashi ya riƙe babur, sawun shanu ya rabu kashi-kashi, ya rasa wanda zai bi. Dajin nan kuwa ba wurin da mutum ke yawo shi kaɗai ba ne. Ya juyo da jarkokinsa cike, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Kwanakin da suka biyo baya, Malami bai san yadda ya yi su ba. Saude ta gyara launin rijiyoyi a ranar, aka aika kasuwanni da masallatai a sanar. Amma Jibrilla ya riga ya yi nisa.

Wata rana da safe, Malami yana tsakar gida, aka yi sallama a zaure. Ya fita, Inna na biye da shi.

Jibrilla ne. Ya rame ya yi baƙi, leɓɓansa sun tsage. A hannunsa igiya, a ƙarshen igiyar Mai Kwalli. Ana iya ƙirga haƙarƙarinta, amma tana tsaye da ƙafarta.

Inna ta dafa ƙirji. "Jibrilla! Lahiya? Ina sauran?"

Ya zauna a dakali kafin ya amsa. "Mun iske rijiya ta ƙahe, Mairama. Munka juyo, sunka riƙa kwantawa a hanya. Wadda munka samu munka yanka, mahauta sunka kwashe. Wadda ba mu samu ba, ungulu. 'Yan da sunka rage na haɗa su da na ƙanena, sun yi kudu."

"To ita wagga ya anka yi ta tsira?"

"Abu mai rijiya, Allah shi saka mashi, ya ba mu ruwan da ya aje wa iyalinsa. Ba shi da yawa, ba ya isar biyu. Na ba ta."

Inna ta ce, "Haba Jibrilla! Ga naka na mutuwa?"

Ya dube ta kamar bai gane tambayar ba. "Nawa nawa ne. In sun mutu, tsakanina da Allah. Wagga amana ce. Da wane baki za ni ce maki na sha da tawa na bar taki?" Ya numfasa. "Na kawo maki ita. Ba ni da garken da za ni sa ta ciki yanzu."

Inna ta rufe fuska da gefen zane.

Sai Jibrilla ya juyo wajen Malami, ya miƙo masa igiyar. Ganin halin da yaron ke ciki, ya tausasa murya. "Kada ka sa wa ranka damuwa, ɗana. Na'ura ce, ɗan Adam ya ƙera ta, tana kuskure. Kai abin da ka gani ka hwaɗa."

Jama'a, ku duba. Mutumin da ya rasa dukiyarsa shi ke ba da haƙuri, har ya kawo wa Malami mafita da kansa. In ya yi shiru, magana ta mutu a nan. Amma shirun ya fi ƙarfinsa. Ya zube a ƙasa a gaban dakalin.

"Baffa, ba na'ura ba ce. Ni ne. Saƙo ya daina shigo mata tun kwanaki, kuma na sani. Koren da na nuna maka tsoho ne. Ka tambaye ni, na yi maka ƙarya, don kada in ji kunya gaban baƙi."



Jibrilla ya dube shi. Sannan ya ce, "Wato ka san babu ruwa?"

"A'a, Baffa. Ban san akwai ba, ban san babu ba."

"To da ka ce mani hakanan mana. Da ka ce ba ka sani ba, ai da kudu na yi."

Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Hannun da ya miƙa wa Malami da igiya ya janye shi a hankali, ya sa igiyar a hannun Inna. Ya ɗauki sandarsa ya ce, "Allah shi yahe muna baki ɗaya." Inna ta roƙe shi ya tsaya ya sha fura, ya ce ya gode, ya tafi.

A ranar Malami ya je ya sami Alhaji Wakili da dattawa, ya faɗi abin da ya yi tun daga kwafin sata. Aka karɓe saba daga hannunsa aka ba Saude. Ta goge manhajar nan kakaf, ta kafa ƙananan nata, kowace da aikinta. Launukan Malami ba ta zubar da su ba, don sun yi amfani. Ta dai ƙara na uku, ruwan toka. Duk rijiyar da labarinta ya kwana biyu bai zo ba, ɗigonta ya koma ruwan toka da kansa, ma'ana ba mu sani ba. Ta roƙi dattawa su bar Malami ya riƙa taya ta, suka yarda. Tun daga ranar ba ta sake yi masa wasan taubasai ba, kuma wannan ma yana cinsa.

Mai Kwalli tana ɗaure a gidan Inna. Malami ne ke nemo mata ruwa da dusa kowace safiya, ba wanda ya sa shi. Inna ta ce duk abin da ta haifa na Jibrilla ne, har ya tada garke. Da ta haihu, Malami ya ja maraƙar da ƙafarsa har Kamarawa. Jibrilla ya karɓa, ya yi godiya, ya sa aka ba shi nono ya sha.

Har yau in Jibrilla ya shigo Isa ranar kasuwa yana biyowa ta ofis. Yana gaida Malami da sakin fuska, ya tambayi lafiyar Inna. Amma in Saude ba ta nan, sai ya sami inuwa a waje ya durƙusa ya jira ta, ko da za ta kai la'asar. Malami yana zaune a gaban allo, amsar tana gabansa, sahihiya, ta yau. Baffa bai sake tambayarsa labarin ruwa ba.

Darasi: In aka ba ka amanar zaɓa wa jama'a abin da za su dogara da shi, manhaja ce ko wani abu, kada ka zaɓi mai ƙyalli don a yabe ka. Zaɓi na halal, wanda za ka iya gyarawa, wanda zai faɗi gaskiya in bai sani ba. Kai ma ka koyi cewa "ban sani ba", ka nemi taimako tun abu bai ɓaci ba, domin kunyar da kake gudu ta ɗan lokaci ce, asarar kuwa a kan wani za ta faɗa, watakila wanda ya fi kowa yarda da kai. Ku tura wa 'yan uwa, musamman waɗanda jama'a ke zuwa wajensu da tambaya.